Allurar rigakafi ko wankan kaska: wanne ya fi fid da kuɗinsa?

Alhaji, tunda ka ce a zaɓa maka tsakanin allurar rigakafin cututtukan kaska da maganin wanka kafin damina: sayi na wanka, kuɗin allura ka bar su a aljihu.

Rigakafin akwai shi, amma ba don shanunmu aka yi shi ba. Wanda ake ta yabo a intanet na su Kenya da Tanzaniya ne, na wani zazzaɓi da kaskar da ke kawo shi ba ta yammacin Afirka. Can yana biyan kuɗinsa, don sau ɗaya ake yi wa maraƙi. Sai dai cikin tukunyar nitrojin ake ajiye shi, kuma ko kyauta aka kawo maka shi Damagaram ba zai taɓa ciwon da ke cikin garkenka ba. Rigakafin Gavac na ƙasar Kuba ma sai an riƙa maimaitawa, kuma wata kaskar daban yake yaƙa.

Tamu mai ɓarna ita ce babbar nan mai zane a baya, wadda ke fitowa da ruwan farko ta maƙale a hantsa da marena da hammata. Ita ke buɗe wa kirci ƙofa, ita ke kashe kan nono. Ka kai saniya mai mataccen nono kasuwar Bakin Birji, dillali zai duƙa ya leƙa hantsa tun bai duba haƙori ba, abin da zai zabge maka kuma ya fi kuɗin maganin damina sukutum.

Ni ɗan kwamin siminti na sa aka gina a bakin garke, ruwan magani iya kofato. Masu bincike na CIRDES, cibiyar binciken kiwo da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ne suka lura cewa kaskar nan tsakanin kofato take fara kamawa a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare ta hau jiki. To in shanu sun taka ruwan da yamma, duk bayan kwana 2 ko 3 a farkon damina, an tare ta tun a ƙasa. Ina da wata jar saniya azawak, da can yara sai sun ɗaure mata ƙafa kafin a tatse ta saboda miki. Yanzu tsaye take tana tuƙa har a cika ƙwarya, hantsar sumul. Idan gini ya yi maka nauyi, famfon goyo da maganin kaska na amitraz ya isa, a fesa ta ƙasa ba gadon baya ba. Kada dai a kusanta shi da doki ko jaki, yana yi musu illa.

Sai ka yi hattara da masu buɗe jaka a rana ran kasuwa. Za su miƙo maka ibamektin su ce rigakafin kaska ne. Magani ne, ƙarfinsa na ɗan lokaci ne, kuma ba a yi wa saniyar da ake shan nononta. Wasu maganin ƙwarin gona suke juyewa a kwalba, wasu su kankare ranar lalacewa. Kwalbar da ba a rufe take da hatiminta ba, ajiye musu abinsu, ka je kantin maganin dabbobi.

Allurar ciwon huhu da ma'aikatar kiwo ke yi duk shekara, wannan kam kai shanunka, amma ba ruwanta da kaska. Ka gina kwamin tun cikin watan Mayu, siminti ya bushe kafin ruwa ya sauka.