An sayar min da yashi da sunan batirin litiyam, ku yi hattara

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Amma jiya na ga mutumin da ya sayar min ya sake ɗora tallan kayansa da sabon suna, hotunan ma bai canza ba, shi ne na ce gara in tona kowa ya ji.

Ajiyar wata 9. Wata 9 ina tsuke bakin aljihu, na haɗa da batirana biyu masu ruwa, na miƙa wa mutum ɗaya, ya ba ni akwatin da aka rubuta LiFePO4, 12.8V, 200Ah a jikinsa, wato wani nau'in batirin litiyam, V ɗin ƙarfin turawarsa, Ah ɗin kuma yawan wutar da yake riƙewa. Da aka buɗe akwatin, yashi ne kilo 13 a ƙulle cikin leda. Ungulu da kan zabo aka yi min, ido na ganin ido.

Kuma kafin wani ya ce ban yi bincike ba, wallahi na yi. Shekara 3 ina kan sola, ba wutar kowa a gidan sai tawa. Ni nake duba ruwan batiran nan duk wata, ni nake ƙara musu tataccen ruwa, ni nake goge farin garin da ke taruwa a kan sandunansu. Na san batir mai ruwa, wato na dalma da asid, ba a son a sha fiye da rabinsa, in ka saba zuƙe shi ƙarƙaf ka kashe shi da hannunka. Na san in ya kwana biyu ba cikakken caji, gishiri yake kama farantan cikinsa ya daskare, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Na san na litiyam ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba ya damuwa, ba ruwansa da ƙarin ruwa, yana cika da wuri, kuma kusan duk wutar da ka zuba masa yana mayar maka, alhali mai ruwa kusan kashi ɗaya cikin biyar yake cinyewa. Har tarihinsu na karanta, cewa mai ruwa wani Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi tun 1859, shi kuma wannan nau'in litiyam daga binciken su John Goodenough a Amurka ya fito, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 2019. Duk na sani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, da sanin nawa aka kama ni.

Lissafina bai da kuskure, har yau ina kan bakana. Batir biyu masu ruwa na 200Ah, rabi kake sha, ka tashi da 200Ah ke nan. Litiyam ɗaya na 200Ah ya kusa ba ka hakan shi kaɗai, ga shi masu ƙera na gaske suna cewa yana jure caji da sauka sau dubbai, mai ruwa kuwa in ya haura dubu ɗaya ya yi ƙoƙari. Ina laifina a nan?

Ranar da na je, ina shiga na fara yi masa tambayoyi, sai ya yi murmushi ya ce, "A'a, yau injiniya ne ya zo mana. Ranka ya daɗe, kai ba sai an yi maka dogon bayani ba." Ni ba injiniya ba ne. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauko mita, ya ɗora a kan sandunan, ya juyo min da fuskarta: 13.3V. Ya ce, "Ka gani da idonka." Na ce na gani. Sai ya ce, "To ɗaga ka ji." Na ɗaga. Ya ɗora a sikeli, kilo 22. Na san na gaske mai 200Ah nauyinsa kilo ashirin da wani abu ne, su kuwa nawa masu ruwa kowanne wajen kilo 60, mutum biyu ke ɗaukar ɗaya. Komai ya yi daidai da abin da na karanta.

Ɗaga ka ji. Kalmar nan ita take hana ni barci. Yashi nake ɗagawa ina gyaɗa kai.

Ko da yake ba a nan ya gama da ni ba, tun kafin nan ne, a waya. Na tambaye shi wani babba da na gani a hoto, ya ce kada in ɓata kuɗina, ya fi ƙarfin buƙatata, in ɗauki ƙaramin. Mai kaya ya hana ka sayen mai tsada? Nan na saki jiki, na ce wannan mai tsoron Allah ne. Har uwargida na gaya wa. Ta ce, "Maigida, ka bar tsofaffin mana har mu ga kamun ludayin sabon." Na ce mata ai ya ce zai karɓe su ya rage min kuɗi, me za mu yi da kayan kakanni. Kalmarsa ce wannan, kayan kakanni, na ɗauko na maimaita mata kamar tawa. Tsofaffin nan da duk gajiyarsu suna kai mu awa 5. Na saki reshe na kama ganye.

Daren farko, fanka biyu, ƙwayaye, talabijin, duka wajen wat 200. Batir mai 12.8V da 200Ah wat 2,560 ne na awa ɗaya, ko ka cire asarar inbata ka bar masa ɗan saura, ya kamata ya kai awa 10. Awa 2 da minti 40 inbata ta fara kuka. Ɗan allon da ke gaban akwatin yana nuna 70, kafin in ɗauko tocila ya koma sifili, gida ya yi ɗif. Na kira shi, ya ce sabo ne, sai ya yi caji uku ya “buɗe”. Na yarda. Ranar ta huɗu ya ce farantan solata ne suka yi kaɗan. Ko ranar ta uku ce, na manta, ita ce dai ranar da ya ce in canza saitin na'urar caji zuwa 14.4, na ce ai tun ranar farko na canza. Bayan nan ya ce inbatata ce. Mako biyu muna wannan wasan. Garantin shekara 5 da ya rubuta a rasit da biro, da na ambata, sai waya ta daina shiga. Na je wurin, an ce ya tashi. Ko sama ko ƙasa.

Sai da mai gyaran da nake kira ya zo, wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce, "Ɗana, a buɗe?" Na ce Baba garanti fa. Ya kalle ni kawai. Muka ɓamɓare murfin, don da gam aka liƙe shi. Ƙwayoyin batir huɗu ne a ciki kamar yadda ya kamata, kowacce 3.2V, shi ya sa da suke cike mita ta ba da 13.3. Amma ƙanana ne, tsofaffi, an kankare lambar da ke kansu, ɗaya har ta kumbura. Allon kariyar da ake kira BMS, wanda shi ke yanke wuta in caji ya wuce ƙima ko batir ya yi zafi, ɗan mitsitsi ne, wayar auna zafin ma a sake take tana lilo. Sauran wurin duk yashi da soso. Baba ya haɗa na'urar auna sauka, ya zuƙe shi daga cike har ƙasa, bai kai 50Ah ba. Na biya kuɗin 200, aka ba ni ƙasa da 50. Wata 9 da batir biyu, a kan ƙasa da 50.

Shi ya tuna min abin da na karanta na kuma manta a gaban mutumin nan. Mita ƙarfin turawa take nunawa, ba yawan abin da ke ciki ba. Batir ɗan ƙarami da ƙato, in duk sun cika, lamba ɗaya za su ba ka. Mai ruwa ma ya fi gaskiya a nan, don in ya huta 12.7 cike yake, 12.2 ya kusa rabi, kana gani yana sauka a hankali. Litiyam kuwa yana maƙale a 13 da ɗoriya kusan duk tafiyarsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi tim. Ɗan allon gaban ma da wannan lambar yake ƙirga kaso, shi ya sa yake ƙarya. Mutumin nan ya san haka sarai. Ni ma na sani.

Ban ce litiyam ba shi da kyau ba, kada a juya min magana. Na gaske yana aiki, na gani a gidan wasu. Amma na dalma yana da wahalar yi wa irin wannan ha'inci, kuma ko ya mutu dalmar cikinsa kuɗi ce, ana narkawa a sake ƙerawa. Yanzu na gane dalilin da ya sa ya yi ta rawar jiki a kan tsofaffina.

In za ka saya, kada ka biya sai an ɗora masa kaya a gabanka an zuƙe shi ka ƙirga awa. Mita da sikeli ba shaida ba ne. Akwatin da ba ya buɗuwa, bar shi. Kuma kada ka ba da tsohonka sai sabo ya yi wata.

Hotunan cikin akwatin, da rasit, da hirarmu ta waya tun daga farko har zuwa inda ya toshe ni, duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin da ke jiki. Akwai bidiyon da Baba yake zazzage yashin a kan sikelina, shi ma zan sa. Kilo 13 cif, sau biyu muka auna.