Jakar goyo ga mai zuwa aiki a keke: sabuwa ta kanti ko ta gwanjo mai raga?

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kullum a keke kake zuwa makarantar da kake koyarwa, daga unguwar Domayo zuwa can bakin gari, ɗauke da kwamfuta da littattafan ɗalibai da gorar ruwa, kuma ka ga jakunkuna biyu a babbar kasuwar Marwa ta arewacin Kamaru ka rasa wadda za ka saya. Ɗaya sabuwa ce dal, baƙa, mai kusurwa huɗu, irin wadda ake ɗinkawa don kwamfuta. Ɗayar kuwa ta gwanjo ce, irin ta masu hawan duwatsu, mai raga a baya da maɗauri a ƙirji. Ka ce hankalinka ya fi kwanciya da sabuwar, saboda mai shago ya tabbatar maka ruwa ba ya ratsa ta.

Da ni ne, ta gwanjon zan ɗauka, muddin girmanta bai wuce lita 25 ba, kuma na bincika ta na same ta lafiya. Ina ganin ruwan sama ya ɗauke maka hankali daga abin da zai fi damunka. Shekarar makaranta a Kamaru daga Satumba take farawa ta ƙare wajen Yuni. Damina kuwa a nan Marwa ƙarfinta yana Yuli da Agusta, lokacin da kogin Mayo Kaliyawo ke cika ya batse, kai kuma kana gida kana hutu. Ruwan da zai same ka a hanya na 'yan makonni ne, farkon shekara da ƙarshenta. Amma ƙurar hunturu tana nan daga Disamba har Fabrairu, sannan zafi ya karɓa daga Maris zuwa Mayu, ranakun da yakan haura digiri 40. Waɗannan kusan wata shida ne cur kana kan keke. Saboda haka gumi da ƙura za ka fara tambayar kowace jaka, ruwa ya biyo baya.

Juya sabuwar jakar ka dubi bayanta. Soso ne shimfiɗaɗɗe aka rufe da yadi, in ka goya sai ya manne maka tun daga kafaɗa har ƙugu, babu ta inda iska za ta shiga. A watan Afrilu, kamar ka goya bargo ne. Tafiyar asuba da sauƙi, amma dawowar azahar fa? Kuma ko da safen ma, malami ne kai, za ka tsaya gaban allo ka juya wa yara baya, rigarka jiƙe sharkaf da zanen jaka a kai, in ta bushe kuma ta bar farin layin gishiri. Gumin nan ba a riga yake tsayawa ba, sosan yana tsotse shi kullum, kafin wata biyu jakar ta fara tsami.

Ta gwanjon dabara ce daban. A bayanta akwai siririn ƙarfe ko roba mai tauri da aka tanƙwara, aka ɗame raga a kai. Ragar ce kawai ke taɓa jikinka, ita kuwa jakar tana can baya da tazarar kamar yatsu biyu. Da keke ya fara gudu, iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Kamfanin Deuter na Jamus ya fito da wannan tsari a 1984, yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa, har da Quechua na Faransa da ake yawan samu a dilar gwanjo. Ba zan ce maka ba za ka yi gumi ba, a Marwa kowa sai ya yi. Amma gumin yana bushewa tun kana tafe. Sai dai ka lura, ba duk jakar da ka ga raga a bayanta ke da wannan rata ba. Wata ragar a kan soso kawai aka shimfiɗa ta don ado. Ka zura hannunka tsakanin ragar da jikin jakar. In tafinka ya wuce ya fita ta ɗaya gefen, ita ce. In bai shiga ba, to bambancinta da sabuwar kaɗan ne, kuma rabin dalilin da ya sa na zaɓe ta ya faɗi.

Wannan tanƙwarar ita ce kuma aibinta, kuma a nan sabuwar ta yi mata fintinkau. Tunda bayan ya lanƙwashe ciki, kwamfuta ba ta kwanciya lif. Tsakiyarta ke dogara a kan tudun, in ka cusa kaya ka matse, nauyin yana danna gilashin. Sabuwar kuwa an yi mata aljihu na musamman mai soso, miƙaƙƙe, wanda ke riƙe kwamfutar kusa da bayanka. A mai kyau, aljihun ba ya kaiwa gindin jakar, yana rataye sama kaɗan, don in ka ajiye ta da ƙarfi a siminti kada kusurwar kwamfutar ta bugu. Ka sa hannu ka taɓa, domin masu araha da yawa aljihun nasu har ƙasa yake sauka. In ta gwanjon ka ɗauka, dole ka nemo wa kwamfutar rigarta mai soso, ka shimfiɗa ɗan tawul ko tsohuwar riga a gindin jakar, kuma kada ka cika ta taf. Ka je kasuwa da kwamfutar, domin mai inci 15 ba kowace ƙaramar jakar dutse take shiga ba, saman wasu ya tsuke.

Sai maganar zama a baya. Hanyoyinmu ka san su: rami nan, rairayi can, ga 'yan kilando, wato masu babur ɗin haya, da za su yanko gabanka ba sallama. Duk lokacin da ka kauce da sauri ko ka miƙe kan feda, jakar da ba ta ɗaure ba sai ta yi lilo gefe guda, ta ja ka tare da ita. A cikin rairayi, inda tayar gaba ke neman zamewa, wannan ɗan jan ya isa ya kayar da mutum. Maɗaurin ƙirji ƙaramin abu ne, amma shi ke haɗe hannayen jakar biyu ya hana su zamewa daga kafaɗa. Ta gwanjon tana da shi. Sabuwar, yadda ka kwatanta ta, ba ta da shi, kodayake tela zai iya sa maka in ka samo maɓallin roba daga wata tsohuwar jaka. Maɗaurin ƙugu kuma kashi biyu ne. Siriri yana da amfani. Mai faɗi mai kauri an yi shi ne don mai tafiya a ƙasa a miƙe, a keke kuwa tokare cinya yake yi duk bugun feda, gara ka zagaya da shi ta bayan jakar ka ɗaure.

Abin da ya sa na kafe a kan lita 25 shi ne waiwaye. A hannun dama muke tuƙi, duk sanda za ka wuce wani ko ka karya kwana sai ka waiga ta kafaɗar hagu. Jakar dutse mai lita 35 ko 40 doguwa ce, samanta na wuce kafaɗa, sai ta tare maka gani, in kuma kekenka irin na sunkuyo ne ta riƙa tokarin ƙeya. Mai tsohon keke Phoenix da ke zaune a miƙe bai cika jin wannan ba, amma shi ma nauyin duka kan ƙugunsa da sirdi yake sauka. Lita 18 zuwa 25 sun ishi malami. Yawanci ana rubuta lambar a jikin jakar, kusa da sunanta. Kuma irin waɗannan jakunkuna suna da igiyoyi barkatai suna reto, ka naɗe su ka ɗaure da roba, kada wata ta sauka ta shige taya.

A kan ƙura, ƙirga zif za ka yi. Sabuwar jakar kwamfuta takan zo da zif biyar ko shida, masu ƙananan haƙora, kuma kowane ɗaya ƙofa ce ga ƙurar hunturu. Ƙurar tana shiga haƙoran tana cin kan zif ɗin a hankali, wata rana ka ja ya rufe gaba yana buɗewa ta baya. Jaka ba ta cika mutuwa ta yadi ba, ta zif take mutuwa. A ta gwanjon ka duba kan zif ɗin, in ka ga YKK, na kamfanin Japan ne kuma yana da ƙarko, kodayake akwai jabu, don haka ka ja shi sau da yawa ka ji ko yana tafiya sumul. In ka yi sa'a ta kasance irin mai bakin zuge da murfi a sama, ka huta, babu zif a babban cikin balle ya lalace. Kowacce ka saya, lokaci-lokaci ka goge zif ɗin da tsohon buroshin haƙori ka shafa masa kyandir. Kada ka sa mai, mai kama ƙura yake yi.

Yanzu batun ruwan da mai shago ya faɗa. Wataƙila yadin an shafe cikinsa da roba, ruwa ba ya ratsa shi, wannan gaskiya ne. Amma duk inda allura ta bi ta bar huda, kuma zif ba ya tare ruwa. Yayyafi za ta jure, ruwan Satumba mai zuwa da iska kuwa zai shiga. Jakar da ruwa ba ya shiga da gaske ita ce wadda aka liƙe gaɓoɓinta da zafi maimakon ɗinki, bakinta kuma naɗe shi ake yi, irin ta kamfanin Ortlieb. Tana da tsada, samunta a nan sai an dace, kuma a baya zafi gare ta. Ba ka buƙatarta. Leda mai kauri guda biyu a cikin jaka, ɗaya ta kwamfuta ɗaya ta takardu, sun gama maka wannan magana a kowace jaka. Ka kuma laluba ƙasan ta gwanjon, sau da yawa akwai ɗan aljihu da aka ɓoye rigar ruwanta a ciki, mai sayarwa ma bai sani ba.

Gwanjo sa'a ce, shi ya sa sai an bincika. Buɗe ta ka sa hanci. In ka ji wani wari mai tsami, ka shafa cikin ka ji yana danƙo ko yana ɓarewa kamar dusa, robar da aka shafa ce ta mutu, kuma ba ta gyaruwa, garin zai riƙa bin littattafai yana shiga kwamfuta. Wannan ka bar musu ko da kyauta ce. Ka matsa sosan hannayen, in bai taso ba ya gama aiki. Ka danna maɓallan roba ka ji ko suna kamawa da ƙara, waɗanda rana ta gasa sukan yi fari su karye. Ka ja ragar ka ga ko ta saki. A sabuwar kuwa wuri ɗaya za ka fi dubawa: inda hannun jaka ya haɗu da jikinta ta sama. Ka ja da ƙarfi ka kalli zaren. In layi ɗaya ne, kafin zangon karatu ya ƙare zai ɓalle, sai dai ka kai wa mai ɗinkin takalmi ya bi shi da zare mai kauri tun kafin ka fara amfani da ita.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi zaɓin jakar muhimmanci a wurina. Kada ka ɗora duk kayan nan a bayanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kwamfuta da cajarta sun kai kilo 2 ko fiye, ga tulin littattafan aji guda da za ka kai gida ka duba. Wannan nauyi kullum a kan keke ciwon baya da na wuya yake jawowa, kuma ina jin takaicin ganin malamai matasa suna fama da shi alhali kariya, wato wurin ɗora kaya na bayan kekensu, ba komai a kai. Yawancin kariyar da aka buga wa lamba kilo 25 take ɗauka. Littattafai da ruwa da kular abinci su tafi can, cikin buhu ko kwando, a ɗaure tam da robar tsohon tub. Kwamfuta ita kaɗai da takardu masu muhimmanci za su zauna a bayanka, domin ƙafafunka da jikinka suna shanye girgizar hanya, kariya kuwa duk ramin da taya ta faɗa kai tsaye take miƙa wa abin da ke kanta. Tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa a ciki ta fi kowacce tsoron wannan.

Jakar fata ta masu sana'ar hannu na nan Marwa, mai rataya a kafaɗa ɗaya, kyakkyawa ce kuma tana daɗewa, amma a keke zamewa take yi ta dawo gaba, gumi kuma yana ɓata fata. Ka ajiye ta don ranar taro.

Baƙar jaka tana ɗaukar zafin rana, kuma bayan magariba mai mota ba ya ganinka, balle ranar da aka ɗauke wuta. Jakunkunan dutse galibi masu launi ne, ja ko ruwan lemo, wasu da ɗan layi mai ƙyalli. In babu, ka samo tsohuwar riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya, tela ya yanko layin ya ɗinka maka a bayan jakar da gefen hagu.

Inda zan ce ka ɗauki sabuwar shi ne in ta gwanjon ta haura lita 25, ko cikinta na ɓarewa, ko kwamfutarka ta ƙi shiga. In haka ta faru, sai ka sa mata maɗaurin ƙirji, ka ƙarfafa ɗinkin hannayen, ka sassauta su kaɗan lokacin zafi, ka riƙa tafiya da singileti ko tsohuwar riga, ta aiki kuma tana ninke a leda sai ka isa ka canza. Ranar da za ka koma kasuwa ka tafi da keken da kwamfutar, ka roƙi mai shago ya bar ka ka zuba kayanka a kowacce, ka hau zuwa ƙarshen layi ka dawo, ka waiga hagu sau biyu, ka miƙe kan feda sau ɗaya. Allah ya sa a dace, Malam.