Gargaɗi ga masu BMW, Benz da sauran motocin gudu: ku yi hattara da mai sayar da "saitin gyaran sitiyari"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar mota, musamman samarin da ke riƙe da irin su BMW E90, C300, Mustang da Challenger. Akwai wani mutum da yake yawo a Instagram da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp yana tallan wai saitin gyaran sitiyari, yana cewa in motarka tana rawar kai a kan gudu, ka ɗan taɓa sitiyari ta zabura hagu ko dama, to shi yana da maganin abin a kwali ɗaya, ka ɗaura kawai mota ta kwanta a titi. Don Allah kar wanda ya tura masa ko sisi. Ba zan kama suna ba, kuma ko na kama ba zai amfane ku ba don yau shafin yana da wannan suna gobe ya koma wani, yadda yake aikin shi ne abin da za ku riƙe.

Bidiyo yake sakawa na mota tana gudu a titi mai santsi wanda kana gani ka san ba na ƙasar nan ba ne, direba ya saki sitiyari mota tana tafiya sambal, sai ya ɗora muryarsa da Hausa a kai. Kana yi masa magana zai tambaye ka wace mota ce, duk wadda ka faɗa zai ce akwai. BMW akwai, Benz akwai, Mustang akwai. Nan ma ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani, don ramukan rim ɗin E90 5x120 ne, na C300 kuma 5x112, hancin da rim ke zama a kai na BMW ɗin milimita 72.6 ne na Benz 66.6, ta yaya kaya ɗaya zai hau su duka? Daga nan sai ya ce saura biyu kacal, wani Alhaji ma ya yi magana, ka tura kuɗi yanzu a yi maka wabil. Sunan akawun daban, sunan shafi daban, in ka ce za ka zo shago ka gani da ido sai ya ce kaya suna sito yaronsa ya tafi da makulli.

Ƙanin wani abokina ya tura, kuɗi masu kauri wallahi, yaro ne da ya daɗe yana tari don yana son motarsa. Shi an ma turo masa kayan, kuma da na ga abin da ke cikin kwalin sai na ce gara wanda aka cinye kuɗinsa aka yi bulokin ɗinsa, don shi aƙalla ba a ba shi abin da zai kashe shi ba.

A gareji aka buɗe a gabana. Shokazoba ne an fesa musu fenti ruwan ɗorawa an manna sitikar Bilstein, kamfanin da ke ƙera shokazoba. Makanike ya sa makulli ya ɗan kankare jikin ɗaya sai ga baƙin fenti na asali a ƙasa, wajen kunnen da noti ke shiga duk tsatsa, an bi ta kai da fentin ba a ko goge ba. Ya danna sandar da hannu ɗaya ta shige ba gardama ta zauna a ciki, alhali mai gas na gaskiya sai ka sa ƙarfi kafin ta shiga kuma kana saki za ta turo kanta waje. Ya ɗaga robar ƙura, mai ya jiƙe wajen. Sifirin ɗin da aka ce wai na rage tsayin mota ne, tsohon sifirin ne aka yanke da garanda, bakin yankan har ya yi shuɗi saboda zafi. Sai sifesa guda huɗu, abin da ake sakawa a bayan rim don turo taya waje, faranti ne kawai mai ramuka barkatai, babu leɓen da rim zai zauna a kai, babu dogayen kusoshi. Na ƙarshe wani ɗan akwati ne da ake soka wa a ramin OBD, inda ake jona na'urar duba kwamfutar mota, wai yana saita kwamfutar sitiyari. Aka ɓalle shi, 'yan fitilu ne masu ƙyaftawa da ɗan allo, shi ke nan. Kuma E90 ɗin yaron irin ta Amurka ce, sitiyarinta na mai ne da famfo, to me akwatin zai saita?

Sifesar nan ita ta fi tsaya min a rai. BMW da Benz ba noti ake ɗaura wa taya ba irin na Toyota, kusa ce ake murɗawa ta ratsa rim ta shiga cikin hob, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a kai. Ka sa faranti a tsakani ka mayar da kusar da ta zo da mota, to ka rage zaren da ke riƙe da tayarka, zagaye kaɗan ne ya kama. Ga shi babu leɓe, taya ba ta zauna daidai a tsakiya ba, sai karkarwa, karkarwa kuma ita ke kwance kusa a hankali. Mutum yana kan 140 taya ta fita, Allah ya kiyaye, ba direban kaɗai ba, akwai mai babur da ɗan makaranta a gefen titi. Kuma ko sifesa mai kyau ce, turo tayar gaba waje yana ƙara yadda sitiyari ke fizgar hannu in ka taka rami, wato ciwon da ka je nema wa magani shi ake ƙara maka. Yankakken sifirin kuma mota za ta yi ƙasa ta yi kyau a hoto, amma shoka ba ta da sauran wajen motsi, kusurwar tarod ta canza, duk gargadar da ka hau taya na ɗan juyawa da kanta.

Wasu kuma yana sayar musu da 'yar shokar sitiyari, wadda ake ɗaurawa a kwance. Wannan abu ne na gaske amma a inda aka yi shi dominsa, irin Jeep Wrangler da Land Cruiser 70 da tsohuwar Benz V-boot. Motar da aka ƙera da rak ɗin sitiyari, irin E90, yawanci ba ta da ma wajen ɗaura shi sai an yi walda, kuma ko an ɗaura ɓoye ciwon yake yi, abin da ya lalace yana nan yana ci gaba da lalacewa.

Gaskiyar magana rawar sitiyari alama ce, kuma yawanci dalilin ba mai tsada ba ne. Ka fara da iska. Masu faci da yawa har PSI 45 ko 50 suke durawa, taya ta yi tauri tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, dole mota ta riƙa zabura. Buɗe ƙofar direba akwai takarda a manne a jikin ginshiƙi, abin da aka rubuta shi za ka sa, kuma da safe kafin taya ta ɗau zafi. Sai ka duba tayoyin kansu, mu nan an saba gaba dama kamfani daban gaba hagu kamfani daban, ɗaya ta cinye ɗaya da sauranta, motar gudu ba ta yarda da wannan. A gefen taya bayan inda aka rubuta DOT akwai lamba huɗu na lokacin da aka ƙera ta, in ka ga 2318 to sati na 23 ne na 2018. Faffaɗar taya mai siririn gefe a kan babban rim kuma ɗabi'arta ce bin layin da tireloli suka lotsa a kwalta, ranfilat ɗin da E90 ta zo da ita, tayar da ke iya tafiya ko ta sace, ma haka saboda gefenta tauri ne da shi.

In taya lafiya sai a ɗaga mota. A riƙe taya a girgiza ta gefe da gefe, sannan sama da ƙasa, a duba tarod da boljoyin, a sa ƙarfe a ɗan banƙare bushin ɗin hannuwan gaba. E90 daga 2005 aka fara ta, ko 'yar ƙarshe ta haura shekara goma, bushin ɗin hannun gabanta mai ruwa ne a ciki kuma in ya fashe za ka ga baƙin tabo ya zubo, motar ta riƙa yawo musamman in ka taka birki. Ramukanmu kuwa ba sa barin roba ta yi tsawon rai. Kar a manta da baya, bushin ɗin baya in ya mutu sai ka ji kamar gindin motar ne ke tuƙa ka.

Bayan an canza abin da ya mutu, sannan alaimen, ba kafin ba. Kuma na kwamfuta mai duba taya huɗu, ba na zare da ido ba. In bakin tayoyin gaba ya ɗan buɗe waje mota za ta riƙa shiga kwana da zafi amma ba za ta natsu a miƙaƙƙen titi ba, 'yan tsere da gangan suke yin haka a filinsu, kai da kake bin hanyar Kaduna ba shi kake buƙata ba. Ka ce a mayar maka kan ma'aunin kamfani, a ba ka takardar kafin da bayan gyara ka gani da idonka. Motar yaron nan abin da aka samu kenan, bushin biyu da kan tarod ɗaya da iska da ta yi yawa, kuɗin gyaran duka bai kai abin da ya tura wa ɗan damfarar ba. Abin ya ba ni takaici sosai.

In har kana son ƙarin gyara na gaskiya, Bilstein da Koni da Eibach da H&R duk suna yi, amma kowanne da lambar kaya ta motarka, ka karɓi lambar ka duba a shafin kamfanin, kuma ka je da makanikenka ku taɓa kaya kafin kuɗi ya fita.

Wanda ya riga ya tura, kar ka tsaya jin kunya, ka kira bankinka yanzu ka shigar da ƙorafi, ka adana rasit da hotunan hirarku da lambar akawun ɗin, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma ya riga ya ɗaura kayan, don girman Allah kar ka hau babban titi da motar, ka lallaɓa gareji mafi kusa a cire sifesar, a duba zaren hob ko ya ci, a mayar da kusoshin da sifana mai awo, 120 Nm ne na E90.