Gargaɗi ga masu motocin shiga daji a Jos kan wani mai karɓar kuɗin ɗinkin rumfar tamfol

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne domin in ja hankalin 'yan uwa masu Land Rover, Hilux, Suzuki da sauran motocin da ke shiga gona da daji, game da wani mutum da ke tallar ɗinkin rumfar tamfol a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na nan cikin Jos. Ni da kaina na faɗa hannunsa, kuma na ga rashin dacewar in yi shiru alhali damina tana tafe, lokacin da kowa ke neman abin da zai rufe bayan motarsa.

Motata tsohuwar Land Rover ce samfurin Series III, irin wadda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, kuma da ita nake zuwa gonar dankalin turawa ta wajen Bokkos. Rumfarta ta asali ta gama yayi, ta yage daga baya har taki da iri suna jiƙewa. Da na ga hotunan da mutumin ya ɗora, na ɗinki mai tsafta da tagogin leda garai-garai, sai na kira shi. Ya karɓe ni da ladabi, yana ta "ranka ya daɗe", ya aiko mini da yaro a babur ɗauke da guntun tamfol mai kauri domin in taɓa in ji, sannan ya nemi kashi 70 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, wai zai sayo kaya daga Legas. Sunan da ke kan asusun bankin da ya turo ya saɓa da sunan da yake talla da shi, ya ce na ƙaninsa ne, ni kuma na karɓi uzurin.

Babbar alamar da ta kamata ta tsayar da ni ita ce bai taɓa neman ganin motar ba. Da na tambaye shi yaushe zai zo awo, cewa ya yi: "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, Land Rover duk ɗaya ce, awonta yana cikin kwamfutarmu." Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta. Ita Series III kaɗai tana da gajera mai tazarar inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, tana da doguwa mai inci 109, kuma bai ko tambaye ni wacce ce tawa ba. Balle motar da ta haura shekara 40 tana faɗa wa ramuka, wadda ƙarafan da ke riƙe rumfarta sun sha walda sun karkace, babu wani awo da ke ajiye a ko'ina da zai zauna mata daidai.

Bayan mako biyar ina bibiya, aka kawo mini ƙunshi a tasha. Da na warware shi a tsakar gida, na juya cikinsa, sai na hango inuwar manyan haruffa a ƙarƙashin koren fenti: tsohuwar ledar allon talla ce aka shafe, ba ta da wata dangantaka da guntun da aka nuna mini. Ta gaza kaiwa ƙofar baya da kusan taƙi biyu. Zobban da ake zura igiya na baƙin ƙarfe ne, wasu har sun fara tsatsa tun ba su ga ruwa ba, ɗinkin kuma layi ɗaya ne da zaren da na ja da yatsa biyu ya tsinke. Na kira shi ya ce zai turo yaransa su gyara. Washegari lambar ta daina shiga, kuma ya toshe ni a WhatsApp. Na je unguwar da ya kwatanta mini, na yi tambaya shago-shago, babu wanda ya san shi.

Daga baya bakanikena ya haɗa ni da wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota, kuma a wurinsa na ga yadda aikin yake idan na gaskiya ne. Sai da ya sa aka bar masa motar kwana biyu. Ya fara da duba ƙarafan baka da ke riƙe rumfar, ya sa mai walda ya miƙe guda biyu, domin a cewarsa tamfol siffar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yake bi, kuma duk inda ya lotsa nan ruwa zai kwanta har ya huda. Sannan ya shimfiɗa leda a kan motar, ya zana layin yanka da alli, ya yanke samfuri a jikin motar kanta kafin almakashi ya taɓa tamfol ɗin. Ya nuna mini cewa nauyin tamfol da giram ake faɗarsa a kowace murabba'in mita, kuma irin wanda manyan motocin kaya ke rufa da shi yakan kai 600 ko fiye, don haka mai saye yana da haƙƙin ya tambayi lambar ya kuma ga dunƙulen da za a yanka masa. Zarensa na foliyesta ne mai jure rana, ya ninke kowace mahaɗa ya bi ta da ɗinki layi biyu, bakin na sama yana rufe na ƙasa yadda ruwa zai gangara ba tare da ya sami hanya ba, ya kuma sa zobban tagulla.

Da ya ƙi ɗaura rumfar da safe, na tambaye shi: "Baba, me ya sa ba za a ɗaura da safe ba?" Ya ce tamfol da ledar taga suna ƙagewa a sanyin Jos, sai rana ta yi zafi suke saki a ja su su miƙe. Ya kuma hana yaronsa huda jikin motar da kusoshin baƙin ƙarfe, saboda jikin Land Rover na alminiyom ne, kuma idan ƙarfen biyu suka haɗu ga danshi, wurin yakan yi farin gari ya zagwanye. Garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci da ƙanƙara, ba ya yafe wa aikin ha'inci ko na mako guda.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan mutum ko irinsa ya tuntuɓa da ya tsaya a kan abu uku: ya je shagon da ƙafarsa ya ga keken ɗinki da aikin da ke hannu, ya ƙi biyan ko kwabo kafin a auna motarsa a gabansa, kuma kada ya tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na mai sana'ar. Idan ya ce kamfani ne, ana iya duba rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Guntun da aka nuna maka kuwa ka riƙe shi, ka sa a rubuta a rasit cewa irinsa za a yi amfani da shi.

Ni dai na kai ƙorafi bankina tare da shaidar tura kuɗin, na shigar da ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Har yanzu kuɗina bai dawo ba, kuma a makon jiya na ga hotunan nan dai sun sake fitowa a wani sabon shafi da wani sabon suna da sabuwar lamba. Na ajiye ledar da ya aiko, da guntun tamfol ɗin, da hotunan duk hirarmu, kuma a shirye nake in haɗa su da shaidar duk wanda abin ya shafa domin a shigar da ƙarar tare.