Texas Hold'em ko Omaha: da wanne mai koyo zai fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya da wanne ya kamata sabon shiga wasan karta na poker ya fara, Texas Hold'em ko Omaha. Ni dai Hold'em zan ce maka.

Dukansu da kati 52 ake yi, kuma ana buɗe kati biyar a tsakiyar tebur don amfanin kowa: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Darajar hannu ma, wato kati biyar ɗin da kowa zai haɗa, iri ɗaya ce. Kati uku masu lamba ɗaya sun fi biyu, biyar a jere sun fi ukun, biyar masu alama ɗaya kuma sun fi jeren.

Wurin rabo ne suka sha bamban. A Hold'em kati biyu za a ba ka a rufe, ka ga dama ka haɗa da duka biyun, ko ɗaya, ko ka dogara da na tebur kawai. A Omaha huɗu ake bayarwa, amma dole ka ɗauki biyu cif daga hannunka, uku daga tebur. Nan ne masu koyo ke tuntuɓe. A ce akwai kati huɗu masu alamar zuciya a tebur, kai kuma kana riƙe da zuciya guda ɗaya tak. A Hold'em ka cika biyar ɗinka. A Omaha ba ka cika ba, domin uku kawai za ka ɗiba daga tebur, sai da zuciya biyu a hannu.

Lissafin ma ba ɗaya ba ne. Hannun farawa a Hold'em iri 1,326 ne, a Omaha kuwa 270,725. Shi ya sa hannun da zai ci a Hold'em sau da yawa ba ya kai labari a Omaha, kowa na da abin da yake jira.

Poker wasan Amurkawa ne, kuma babbar gasarsu ta Las Vegas, wadda aka fara a 1970, da Hold'em ake fitar da zakaranta. Can kuɗi suke zubawa, wato caca ke nan, kuma ba na so ka kusance ta. Ku raba tsinken ashana daidai wa daida, ya isa ku koya.

Da kati biyu kacal a hannu za ka samu sararin lura da abokan wasa, ka gane mai burga da mai abin kirki, ka kuma saba da ajiye kati in hannunka ba shi da ƙarfi. In wannan ya zauna maka, sai ka gwada Omaha.