Gudu a Tafkin Taho: bakin ruwa ko saman duwatsu?

Ɗan'uwanmu ya ce aiki zai kai shi birnin Rino na jihar Nebada a Amurka, mako guda cikin watan Yuli. Ya saba gudun kilomita 10 sau uku a mako a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yana so ya san wanne zai fi masa idan ya leƙa Tafkin Taho, babban tafkin da ke cikin duwatsu kusa da birnin: hanyar kwalta ta bakin ruwa, ko turbar da ta kewaye tafkin ta saman duwatsu. Malam, na taka duka biyun. Sunan tafkin ma a kunnen Bahaushe kamar kira ne, taho, amma kafin ka amsa kiran ka san inda za ka sa ƙafa.

Abin da zai fara yanke maka hukunci shi ne tudun wurin. Ruwan tafkin kansa yana kan mita 1,897 sama da teku. A nan kowane numfashi da ka ja yana ba ka kusan kashi 80 cikin ɗari na iskar oksijin da ka saba samu a bakin teku. Idan ka hau zuwa mita 3,000, abin ya koma wajen kashi 70. Gudun da kake yi kana hira a gida, a can za ka yi shi kana haki, zuciya na dukan uku-uku, kai kuma kana mamakin ina ƙarfinka ya tafi. Ƙarfinka na nan, iskar ce ta yi ƙaranci. Amurkawa sun daɗe da sanin haka. A 1968, da za su je gasar Olamfik a birnin Meziko mai tudu, sai suka shimfiɗa filin tsere a tsakiyar daji a Echo Summit, kudu da tafkin, kan tsayin kusan mita 2,250, har da itatuwa a tsaye cikin da'irar filin, a can suka tace 'yan tserensu maza. To idan zakarun duniya sai da suka saba da wurin, kai da ni ba mu da hujjar yin gaggawa.

A bakin ruwa, wadda ta fi kusa da kai daga Rino ita ce East Shore Trail, da aka buɗe a 2019. Tana tashi daga garin Incline Village ta ƙare a Sand Harbor, kusan kilomita 5, zuwa da dawowa ke nan ya ba ka goman da ka saba. Kwalta ce lafiyayya mai faɗi, an raba ta da titin mota. Da farko akwai ɗan hawa da zai gaya maka gaskiyar huhunka, daga nan ta ratsa ta ƙarƙashin titi ta bi gefen ruwa, manyan duwatsu jibge a cikin ruwa garau har kana hango ƙasansa. Ba za ka ɓata ba, takalmin gudunka na kullum ya isa, kuma idan jiri ya ɗebe ka akwai benci akwai mutane. Aibinta kuma su ne mutanen. Da hantsi ya yi a watan Yuli za ka tarar da masu keke, masu turin jarirai, masu tsayawa tsakiyar hanya ɗaukar hoto, ga wurin ajiye mota na kuɗi ne kuma yana cika da wuri. Wanda bai yi sammako ba, kauce-kauce zai yi ta yi.

Turbar sama, wato Tahoe Rim Trail, wata duniya ce daban. Da'ira ce ta kusan kilomita 270 da aka kammala haɗawa a 2001, ta ratsa Kalifoniya da Nebada, mafi tudunta a Relay Peak ya haura mita 3,100. Ba wanda yake cewa ka zagaye ta, an yanka ta kashi-kashi, kowane kashi da mashigarsa. Sa'arka ita ce titin Mount Rose da zai kawo ka daga Rino yana wucewa ta Tahoe Meadows, fili mai ciyayi a kan mita 2,600 da ɗoriya, kuma turbar ta ratsa nan. Ƙasar wurin rairayi ne na rududdugaggen dutse, da saiwoyi da tsakuwa. Tana tausaya wa gwiwa fiye da kwalta, amma idon sawu ne ke biyan bashin, don targaɗe ba ya sallama. Saurin da agogonka ya saba nuna maka kuwa, manta da shi. Kilomita 10 a can sama za ta iya cin lokacin da 15 ke ci a ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne ka taka da ƙafa a wurin hawa. Gwanayen da ke tseren mil 100 na Western States, wanda ke tashi daga Olympic Valley kusa da tafkin kowane ƙarshen Yuni, su ma tafiya suke a hawan farko.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa a wurina shi ne ruwan sha. Abin dariya ne ka tsaya a saman dutse kana kallon tafki mai zurfin mita 501, maƙogwaronka a bushe, ba ɗigo ɗaya kusa da kai. Gabashin tafkin, ɓangaren Nebada, ya fi yamma bushewa, domin hadarin da ke tasowa daga tekun Fasifik yana sauke mafi yawan kayansa a duwatsun yamma kafin ya ƙetaro. Kashin da ya tashi daga Tahoe Meadows zuwa Spooner Summit ya haura kilomita 35, kuma ruwan da za a dogara da shi a kan turbar kaɗan ne ƙwarai. Ga iskar tudu busasshiya, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi zufa ba. Ni haka ta faru da ni, na shiga da gora ɗaya ina ganin safiya ce mai sanyi, na dawo da ciwon kai da ya kwana biyu yana sara ta. A bakin ruwa wannan kuskuren ba ya wuce ɗan ƙishi. A sama yana iya zama magana babba, musamman da yake waya ba ko'ina take samun sabis ba.

Yanayi ma haka. A ƙasa, safiyar Yuli sanyi-sanyi ce, rana ta ɗaga ta yi zafi, shi ke nan. A sama kana iya cin karo da ragowar dusar ƙanƙara ta rufe turba har cikin Yuli idan hunturun shekarar ya yi nauyi, kuma hadari mai tsawa kan taso da yamma. Kan tsauni ba wurin tsayawa ba ne idan ana walƙiya, don haka ka shirya saukowa kafin azahar. Ranar tudu kuma tana ƙona fata ko baƙi ne kai wuluk, hula da tabarau ba gayu ba ne a can. Sai beyar, baƙar dabbar nan da ke yawo a dajin har cikin garuruwan bakin tafkin neman shara. Dokar haɗuwa da ita ta saɓa wa sana'arka: kada ka gudu. Ka tsaya, ka yi magana da ƙarfi, ka ja da baya sannu a hankali, ka bar mata hanya.

Akwai ta uku da ban so ka dawo ba ka gani ba, ko da yake ba ka tambaye ta ba. Rubicon Trail a kudu maso yamma, tsakanin gandun D.L. Bliss da Emerald Bay, kusan kilomita 7 zuwa kawai. Turbar ƙasa ce, da hawa da gangara da matakalar dutse, amma ba ta yin nisa da ruwa, don haka kana samun ɗanɗanon gudun daji ba tare da ƙarin mita 700 a kan huhunka ba. A wasu wuraren tana bin bakin gangare, ruwa shuɗi can ƙasa, har an kafa sarƙa a riƙe. Tana sauke ka a Vikingsholm, gidan dutse da aka gina a 1929, kana fuskantar Fannette, tsibiri ɗaya tilo da ke cikin tafkin. Daga Rino tafiyar mota ce mai ɗan nisa, kuma ka duba shafin gandun tukuna, don akan rufe mashiga saboda gyara.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba makon. Kwana biyun farko sassarfa kawai a Rino, wanda shi ma yana kan mita 1,370, jiki ya fara sabawa. Rana ta uku East Shore da asuba, a hankali fiye da yadda ka saba. Ka huta. Rana ta biyar Rubicon, ka juyo duk inda ƙafa ta ce ta gaji. Sai ranar ƙarshe ka hau Tahoe Meadows da gora biyu da abokin tafiya, ka bi turbar kudu minti 40, ka ga tafkin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashinka, ka dawo ta inda ka bi. Dogon kashin nan zuwa Spooner ka bar shi sai wani zuwan. Idan kuma sha'awa ta ja ka keɓaɓɓen dajin Desolation Wilderness a yamma, can sai da takardar izini ko da yini ɗaya za ka yi.

Kowace safiya ka duba ma'aunin hayaƙi a wayarka kafin ka ɗaura takalmi. Gobarar daji ta rani kan turnuƙe kwarin tafkin, a 2021 gobarar Caldor har sai da ta sa aka kwashe mutanen garin South Lake Tahoe. Ranar da ka ga duwatsun tsallaken ruwa sun ɓace cikin hazo mai warin ƙuna, ba sama ba ƙasa, ka zauna a ɗaki.