Gidan haya na iyali a dajin Masai Mara: abin da kuɗinka ke saya

Gidan da wannan sharhi ya shafa yana cikin ɗaya daga gandayen al'umma da ke kewaye da Masai Mara, a kudu maso yammacin Kenya. Ɗakin kwana huɗu ne, kowanne da banɗakinsa, ga falo, ga ɗakin cin abinci, ga doguwar baranda da ke kallon fili, sai ɗan ƙaramin wurin ninƙaya. Iyali guda ake bai wa shi ɗungurungum, haɗe da kuku, masu gyaran ɗaki, masu gadin dare, mota da ɗan jagora. Irinsa na da yawa a Mara da yankin Laikipia na tsakiyar Kenya, tsarinsu kuma kusan ɗaya ne, don haka yawancin abin da zan faɗa ya shafe su duka.

A ganina ba ginin ne abin saye ba. Wanda ya saba da manyan otal na Abuja ko Dubai ba zai ga abin mamaki a ɗakunan ba: katako ne da dutse da gidan sauro, tsaf-tsaf, shi ke nan. Abin da kuɗin ke saya shi ne mota da ɗan jagora da ba ka raba su da kowa, da ikon tsara lokacinka, da sutura ga iyali.

A sansanin da ake haɗa baƙi, mota kan tashi wajen ƙarfe shida na safe, ta dawo tsakanin goma da sha ɗaya, ta sake fita ƙarfe huɗu na yamma. Idan yaronka ya fara kuka a gaban zaki, ko Hajiya ta gaji da jijjiga, ba yadda za ka yi, domin akwai wasu mutum huɗu a motar da su ma suka biya. A gidan haya kuwa kai ke da ta cewa. Matasa su fita da sassafe, dattawa da ƙananan yara su bi bayansu bayan karin kumallo, a haɗu a gindin wata bishiya. Sai dai a nan ne tarkon farko yake. Land Cruiser ɗin da ake amfani da ita galibi kujera shida gare ta a baya, biyu-biyu, don kowa ya samu gefensa na kallo. Gidan yana kwanar da mutum takwas, har goma idan an ƙara gadajen yara, amma sau da yawa mota ɗaya ce a cikin farashi. Ta biyu kuɗinta daban ne a kullum, kuma a watan Agusta ba lallai a same ta ba idan ba a kama ta tun da wuri ba. Kafin ka biya kafin alƙalami, a rubuta maka adadin motoci da na 'yan jagora a takardar lissafi. Maganar baki da dillali ba ta isa ba.

Ɗan jagora shi ne rabin tafiyar. Nagari yana karanta sawu, yana sauraron kukan birai da tsuntsaye ya gane akwai damisa a kusa, ya san inda zai aje mota yadda rana za ta kasance a bayanku. Wanda bai ƙware ba rediyo kawai yake bi, duk inda aka ce an ga wani abu ya ruga. Na wannan gida ɗan ƙabilar Masai ne haifaffen yankin, mai haƙuri da yara, kuma shi kaɗai ya isa dalilin komawa.

Wajibi ne a fahimci bambancin gandun al'umma da babban gandun Masai Mara, domin a nan lissafi ke rikicewa. Babban gandun, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, yana hannun gwamnatin gundumar Narok. Gandayen al'umma irin su Mara North, Naboisho da Olare Motorogi kuwa filayen Masai ne da masu masaukai ke haya, suna biyan masu ƙasa. A cikinsu an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya, galibi huɗu ko biyar, an kuma yarda da fita da dare da yawo a ƙafa, abubuwan da babban gandun bai yarda da su ba. Zakuna da giwaye da raƙuman dawa duk suna nan birjik. Amma tsallake kogin Mara da garkunan nyumbu (wata dabbar daji mai kama da saniya, wildebeest a Turance) da jakunan dawa ke yi tsakanin Yuli da Oktoba, wanda shi ne ke jan mafi yawan mutane, a cikin babban gandun ake zuwa kallonsa. Kuɗin gandun al'umma da ka biya bai shafi wannan ba. Tun 2024 kuɗin shiga babban gandun ga baligi baƙo dala 200 ne a yini daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Manya shida, yini ɗaya a watan Agusta, dala 1,200 ke nan kafin a zo kan yara. Kuma tsallakewar ba ta da agogo. Kana iya zama awa huɗu a bakin kogi cikin cunkoson motoci, dabbobin su taru, su leƙa ruwa, su juya. Da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ban ga amfanin wannan yinin ba. Manya su je, yara su tsaya a gida.

Batun sutura shi ne inda gidan ya fi kowane sansani. Mata na iya zama a baranda, su shiga ruwa, ba idon baƙo. Sai dai yawancin ma'aikatan daji maza ne, kuma an koya musu su riƙa zagayowa a kai a kai suna tambayar ko ana son wani abu. Da zarar an gaya wa manaja a ranar farko cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kada namiji ya zo ɓangaren ruwa, kuma a ƙwanƙwasa a jira kafin a shiga ɗaki, sun kiyaye ba tare da wata gardama ba. In ana son mace mai gyaran ɗaki ko mai raino, sai an nema tun kafin zuwa.

Abinci ma haka. Farashin irin waɗannan gidaje ya haɗa da giya, kuma ba a cika rage ko sisi don ba ku sha ba, amma za a kwashe ta daga falo idan kun ce. Abin da aka fi mantawa shi ne kicin: naman alade da tsiran alade a karin kumallon da ake kai wa daji, da giyar inabi da ake zubawa a miya ko kayan zaƙi. Naman halal ba wahalar samu gare shi a Nairobi ba, amma gidan yana karɓar kaya ne ta mota ko jirgi sau ɗaya ko biyu a mako, don haka a ba su sanarwa a rubuce akalla mako biyu zuwa uku, a kuma nemi a ware tukwane da kaskon suya. Kukun ya iya aikinsa, burodinsa da gasasshen namansa ba laifi, amma hannunsa na Turawa ne, ba yaji. Ku ce ya yi muku irin abincin da ma'aikata ke ci: ugali, wanda tuwon masara ne mai tauri, da ganyen sukuma, da pilau, da chapati. Dattawa sun fi samun natsuwa da shi. Ku tafi da yajinku da kuka da daddawa. Kilishi kam a bar shi a gida, shiga da nama wata ƙasa neman magana ne a filin jirgi.

Kenya na gaban Najeriya da awa biyu. Da yake yankin na dab da tsakiyar duniya, lokutan salla ba sa motsi sosai duk shekara: asuba na shiga wajen biyar da 'yan mintuna, rana na faɗuwa tsakanin shida da rabi da bakwai saura. Wato asuba ba ta karo da fitar safe, amma magariba kullum a daji take riskar ku. Ɗan jagora zai nemi fili buɗaɗɗe inda ake hangen ko'ina ya tsaya, ku dai ku sa darduma da ruwan alwala a mota. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya saba fuskantar gabas a gida ya kula. Banɗakunan kuma takarda kawai ke ciki, buta sai wadda ka zo da ita.

Inda gidan ya gaza, ko in ce inda daji ya fi ƙarfinsa, shi ne wuta da ruwa. Sola ce da batura. Soket ɗin irin namu ne mai ƙafa uku, cajin waya da kwamfuta ba matsala, amma dutsen guga, hita ko na'urar busar da gashi na iya kashe wutar gidan baki ɗaya, domin inbata ba ta ɗaukar nauyinsu. Ruwan zafi daga tukunyar sola yake ko ta itace, kuma idan mutum takwas suka yi wanka a jere da magariba, na ƙarshe ruwan sanyi zai tarar. A raba, wasu su yi da rana. Ba na'urar sanyaya ɗaki, ba a ma bukatarta: Mara na sama da mita 1,500 daga teku, da asuba a buɗaɗɗiyar mota sanyi kan sauka kusa da digiri 10. Rigar sanyi, hula da safa dole ne, musamman ga yara. Ana wanki kullum cikin farashi, amma bisa al'adar wurin ba sa wanke kamfai da sauran kayan ciki, sai su aje maka garin sabulu a banɗaki. Intanet na nan a falo, yana isa saƙon WhatsApp, ba ya isa taron bidiyo mai tsawo.

Gidan ba shi da shinge. Ɓauna da dorina da giwa na ratsa harabar da dare, kuma ɓauna ta fi zaki haɗari ga mai tafiya a ƙasa. Da duhu ya yi ba mai fita sai da rakiyar maigadi, ana kiransa da rediyo ko fitila. Saboda haka tambayi yadda ɗakunan suke kafin ka biya. Wasu gidajen rufi ɗaya ne, wasu kuwa ɗakunan a warwatse suke, mita talatin ko hamsin tsakaninsu. Na biyun ya fi kyau a hoto, amma uwa ba za ta iya leƙa yaranta da tsakar dare ba sai ta kira maigadi. Wurin ninƙaya ma ba katanga, ba mai tsaro. Birai kuma sun san zip da ƙofa, duk abincin da aka bari a ɗaki nasu ne.

Kasancewar gidan na karɓar yara kowane shekaru ba ya nufin za su yi komai. Yawo a ƙafa galibi sai ɗan shekara 12 zuwa sama. Hawan balan-balan mai ɗaukar mutane sama don kallon daji, wanda kan kai wajen dala 500 kowane mutum kuma ba ya cikin farashin gida, ba a ɗaukar ƙananan yara da masu juna biyu. Akwai zazzaɓin cizon sauro a Mara. Iyalin da ke da jariri ko mai ciki su duba Laikipia, inda tudu ya rage sauro, ga karkanda da yawa a gandayen Ol Pejeta da Lewa, ko gandun Madikwe na Afirka ta Kudu, wanda ba shi da cutar. Asibiti na da nisa, don haka inshorar ɗauko majinyaci ta jirgi, irin wadda AMREF ke sayar wa masu yawon buɗe ido, ba abin tsumulmula ba ce. Kuɗinta ƙalilan ne idan aka gwada da sauran.

Farashi iri biyu ne. Wasu na yanka kuɗin gida a dare na mutum huɗu ko shida na farko, duk wanda ya ƙaru a biya masa daban. Wasu na lissafi da kai, amma da mafi ƙarancin adadin da dole a biya ko ba ku kai ba. Daga 'yan dubban daloli a dare ake farawa, manyan cikinsu su haura dubu goma. Ga mata da miji kaɗai asara ce, gara su kama tanti mai kyau su yi hayar mota tasu. Daga mutum shida zuwa sama ne lissafin ke fara daidaita da na sansani mai daraja ɗaya. Ana neman kafin alƙalami na kashi 20 zuwa 30, ragowar kuma wata biyu zuwa uku kafin zuwa, bayan nan wanda ya fasa da wuya ya ga kuɗinsa. Yawanci ba a ba da ƙasa da kwana uku. Afrilu da Mayu, lokacin babbar damina, sun fi arha, amma baƙar laka na riƙe mota, wasu gidajen ma rufewa suke. Janairu zuwa farkon Maris sun fi dacewa da mai son sauƙin farashi da ƙarancin mutane. Tukwici ba ya cikin lissafi: wajen dala 10 zuwa 20 kowane baƙo a yini ga ɗan jagora, kwatankwacin haka a akwatin sauran ma'aikata. A tafi da sababbin takardun dala, tsofaffi da masu yagewa ba a karɓa.

Hanyar zuwa tana da nata ƙa'idoji. Daga Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa Nairobi, daga Kano da Abuja kuma ana bi ta Adis Ababa. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai tasowa daga Najeriya. Kenya ta hana ledar zuba kaya tun 2017, kada a naɗe takalma a ciki. Ƙananan jiragen daji ba daga babban filin Jomo Kenyatta suke tashi ba, daga filin Wilson ne, tafiyar kuma ba ta cika wuce awa ɗaya ba, sai dai jirgin kan sauka a filaye biyu ko uku kafin naka. Kaya kilo 15 ne kowane mutum har da jakar hannu, kuma a jaka mai laushi, domin akwati mai tauri ba ya shiga cikin jirgin. Manyan akwatuna a bar su ajiya a Nairobi. Iyalin da suka kai goma su tambayi kuɗin shatar jirgi guda, wani lokaci bambancin ba shi da yawa, kuma ku ke zaɓar lokacin tashi. A ranar dawowa a bar tazarar akalla awa biyar tsakanin sauka a Wilson da tashin jirgin gida, domin ruwan sama kan jiƙa filin ƙasa ya jinkirta tashi, ga kuma cunkoson Nairobi da yamma.